Yadda na mayar da wayata kan buɗaɗɗun manhajoji, da kurakuran da na tafka a hanya

Ni ba masanin kwamfuta ba ne, gara in faɗi wannan tun farko. Sana'ata sayen kayan gona, riɗi da zoɓo da wake. Ina bin kasuwannin ƙauye ta wajen Gumel da Maigatari in tara kaya, in yi lodi zuwa Dawanau. Wayata ce ofishina. A cikinta hotunan rasit suke, da ita nake tura wa masu saye hoton kaya kafin su turo kuɗi, da ita nake bin sawun direba in mota ta makara a hanya. Android ce mai sauƙin kuɗi, irin waɗanda suka cika kasuwa, ma'ajiyarta gig 32, kuma shekararta uku a hannuna.

Talla ne ya fara damuna. Ka buɗe hoto talla, ka gama waya talla, hatta fitilar da nake haskawa da dare sai ta nuna min talla kafin ta kama. Na yi ta haƙuri don na ɗauka haka kowace waya take. Da aka yi ƙarin kuɗin kira da na data na kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kuɗin da nake sayen datar mako biyu ya koma ba ya kai ni kwana goma, ni kuwa ba wani kallon bidiyo nake yi ba. Amma abin da ya kai ni bango a sito ya faru. Wani dattijo sa'an mahaifina, wanda muka daɗe muna ciniki, ya ce in nuna masa hoton riɗin da na gano a ƙauye. Na miƙa masa wayar da hannu biyu. Yana cikin dubawa sai ga tallan caca ya rufe fuskar wayar baki ɗaya, da hoton mace cikin shigar da ba zan kwatanta a nan ba. Bai ce uffan ba. Ya dai miƙo min ya ce, "Malam, karɓi abinka." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Washegari na nufi kasuwar waya. Mai gyaran ya jujjuya ta ya ce ƙwayar cuta ce, sai an yi mata filashin, naira 3,000. Na zauna a benci fiye da awa biyu ina kallon masu sayen caja da gilashin waya suna shiga suna fita. Da ya gama, don kyautatawa, sai ya loda min manhajoji daga kwamfutarsa: ta kallon bidiyo, ta tura fayil, ta goge datti, ta sanyaya batir, da wasu biyu da ko sunansu ban taɓa ji ba. Na yi godiya na tafi. Kafin mako ya zagayo talla ya dawo, har ya fi na da. Sai daga baya na gane ba wata cuta da ta shigo min daga waje, manhajojin ne da kansu, da tallan suke cin abinci. Kuɗin filashin dai sun tafi.

Ana haka ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a jami'a ya zo hutu. Na ba shi labari bayan magariba muna zaune a ƙofar gida. Ya karɓi wayar ya shiga wani shafi mai suna Exodus Privacy, na wata ƙungiya ce a Faransa, inda kake rubuta sunan manhaja a nuna maka masu bin sawun da aka cusa a cikinta da irin izinin da take nema. Ya rubuta sunan manhajar fitilata. Jerin da ya fito ya fi yatsun hannuna, kuma tana neman sanin inda nake. Na ce fitila kuma, me ya haɗa ta da inda nake? Ya ce, "Baffa, ai ba fitila suke sayarwa ba, kai suke sayarwa." Daga nan ya shiga bayanin buɗaɗɗun manhajoji. Kowace manhaja, in ji shi, da rubutu ake gina ta. Yawancin kamfanoni suna ɓoye nasu rubutun, wasu kuwa suna baje shi a fili, duk mai ilimin abin ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Ya kwatanta min da mai abincin da ke girki a gabanka da wadda ke miƙo maka kwano ta bayan labule. Ya ce wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya faro wannan tafiya tun 1983, kuma Android ɗin da ke hannuna ma a kan Linux aka gina shi, wani tsarin sarrafa kwamfuta wanda shi ma buɗaɗɗe ne. Na ce masa ni ɗan kasuwa ne, na san banza ba ta kai zomo kasuwa, su me suke samu? Ya ce wasu gudummawa jama'a ke ba su, wasu suna sayar da ƙarin abubuwa ga mai so, wasu kuma don kansu suka yi suka bar wa duniya. Ban gamsu gaba ɗaya ba a daren, amma na ce mu gwada.

Mataki na farko, wanda ya nace a kai, shi ne kwashe komai kafin a taɓa komai. Na sayo memori mai gig 32 a kan naira 4,500. Lambobin waya ana fitar da su ne a fayil guda ɗaya mai ƙarewa da vcf, daga cikin saitin manhajar lambobi. Muka kwafe shi a memori, ya kuma tura kwafi ɗaya imel ɗina. Hotuna da sautukan tafsiri da na tara suka ci mana kusan awa ɗaya. A nan na yi kuskuren da har yau yake min ciwo. Akwai wata manhajar ɓoye hotuna da nake ajiye rasit ɗin manyan cinikai a ciki don kada yara su goge. Na manta ban gaya masa ba. Irin waɗannan manhajoji suna ɗauke hoton daga inda aka saba ganinsa su kulle a nasu wurin, don haka bai shiga cikin abin da muka kwafe ba. Da muka zo share masu talla, na danna mata gogewa da hannuna. Rasit na kusan wata huɗu suka bi ta. Allah ya taimake ni wasu na taɓa tura wa mutane a WhatsApp, na bi ɗaya bayan ɗaya na tsinto. Sauran sai dai haƙuri. Duk wanda ke da irin wannan manhaja, ya fara fito da abin da ke cikinta, ya buɗe ya gani da idonsa a memori, sannan ya goge.

Mataki na biyu shi ne sanya F-Droid, wato kantin buɗaɗɗun manhajoji na Android, wanda wani ɗan Ingila, Ciaran Gultnieks, ya kafa a 2010. Ba a samunsa a Play Store. Sai ka rubuta f-droid.org a burauza da hannunka, kada ka bi wani mahaɗi da aka turo maka a guruf, ka sauke fayil ɗin mai ƙarewa da apk. Bai da nauyi. Da ka danna shi wayar za ta tsaya ta ce ba a ba wannan burauza izinin sanya manhaja daga waje ba. Gabana ya faɗi a nan, don rubutun gargaɗin da tsoratarwa yake. Yaron ya ce in ba da izinin, a gama, sannan in koma in janye shi, don kada gobe wani shafin banza ya bi ta wannan ƙofa. Haka muka yi. Buɗewar farko kantin fayau yake, babu komai, sai ya sauke jerin kayansa, kuma da sabis ɗin unguwarmu ya ci kusan minti goma ina zaton ya lalace. F-Droid ɗin ma da kansa sai ka ba shi izinin sanya manhajoji, shi kam a bar masa. Abu ɗaya ya burge ni tun a ranar: in manhaja tana da wani hali da ba kowa zai so ba, kamar dogaro da sabis na wani kamfani ko bin sawu, suna rubutawa ƙarara a shafinta. Ban taɓa ganin kantin da ke faɗa maka aibin kayansa ba.

Makon farko ƙananan abubuwa muka sauya. Manhajojin duba hotuna, lambobi, fayiloli da kalanda duk muka ɗauko na Fossify. Labarinsu ma darasi ne: asalinsu wasu manhajoji ne da ake kira Simple Mobile Tools, aka sayar da su ga wani kamfani a ƙarshen 2023, sai masu sa kai suka ɗauki rubutun, tunda a buɗe yake, suka ci gaba da su da sabon suna ba talla. Fitila kuwa ashe ba ta buƙatar manhaja sam, tana nan in ka jawo saman fuskar waya. Na ji kunyar wannan. Na sauti da bidiyo muka zaɓi VLC, mai alamar hula mai tsini ruwan lemo irin wadda ake jerawa a titi, wadda ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa suka faro. A nan muka ɗan yi tuntuɓe. Ina da VLC tun daga Play Store, da na nemi sabunta ta daga F-Droid sai wayar ta ƙi, ba wani bayani. Dalili shi ne kowane kanti da hatiminsa yake sa wa manhaja, kuma Android ba ya yarda a ɗora mai wani hatimi a kan mai wani. Ko dai ka goge tsohuwar ka sa sabuwa, ko ka bar ta yadda take. Na bar ta. A ranar na fahimci ba sai daga F-Droid manhaja take zama buɗaɗɗiya ba, da yawansu suna Play Store ma.

Maganar data ita ce ta mako na biyu, kuma a nan na ga bambanci da idona. Muka sa burauzar Firefox muka ƙara mata wani ɗan kari mai suna uBlock Origin, shafukan labarai da a da suke cika da hotunan talla suka koma buɗewa da sauri ko da sabis sanda biyu ne. Sai NetGuard, wadda take kamar mai gadi: tana jero duk manhajojin wayar, kowace da alama biyu a gabanta, ta Wi-Fi da ta data, ka danna ka hana wadda ka ga dama fita intanet. In tana aiki za ka ga ɗan hoton makulli a saman waya, don ta gurbin VPN take bi, wato hanyar da duk intanet ɗin wayar ke ratsawa, amma ba ta kai bayananka ko'ina, a cikin wayar take tacewa. Daɗin abin ya ɗebe ni. Da daddare, yaron ba ya nan, na zauna na rufe kusan komai. Kwana biyu bayan haka ina kasuwar ƙauye, na gama ciniki da wani manomi buhu shida na zoɓo, ya ce taransifa yake so a asusun ɗansa. Manhajar banki ta yi ta juyawa ta ƙi buɗewa. Na ɗaga waya sama, na koma gindin bishiya, na zagi sabis a zuciyata, manomin yana tsaye da ɗansa suna kallona irin kallon da ake yi wa wanda ba shi da kuɗin. Dillalin ya fara cewa akwai wani mai saye. Sai da na tura ta lambobin USSD aka rabu lafiya. A mota na tuna ni na rufe wa bankin ƙofa da hannuna. Tun daga ranar nake rufe manhaja ɗaya, in yi kwana biyu in gani, kafin in taɓa wata.

Manhajar lokutan salla ma ta ba ni aiki. Wadda nake da ita a da, kana gama jin kiran salla sai talla ya biyo. Muka sa Al-Azan daga F-Droid, wadda ba ta buƙatar intanet bayan ka saita garinka. Wurare biyu ne za su rikita mutum. Na farko lissafin la'asar, akwai na Hanafiyya da na sauran mazhabobi, mu nan na sauran za mu zaɓa, in ba haka ba la'asar za ta yi ta zuwa a makare. Na biyu hanyoyin lissafin asuba da isha suna da yawa, sai na yi kwana uku ina gwadawa da ladanin masallacinmu, na ƙara minti a nan na rage a can har suka daidaita. Sannan ranar farko da na kwana a ƙauye na dogara da ita, ba ta yi kira ba, hasken rana ne ya tashe ni. Irin wayoyinmu suna kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye don batir ya daɗe. Sai ka shiga saitin batir ka cire ta daga waɗanda ake taƙaitawa, ka kuma ba ta izinin tashi da kanta in an kunna waya. Tun da na yi haka ba ta sake saɓawa ba.

Abin da na fi jin daɗinsa, wanda kuma ban yi tsammani ba, allon rubutu ne. Duk lokacin da za ka kunna sabon allon rubutu, Android yana gargaɗin cewa zai iya ganin duk abin da kake bugawa, har da lambar sirri. Na sha ganin wannan gargaɗi ban taɓa karantawa ba. HeliBoard da yaron ya sa min ba ta da izinin shiga intanet kwata-kwata, don haka ko ta gani ba ta da hanyar kai wa kowa. Matsalar ita ce haruffanmu masu lanƙwasa. Ya ce a ba shi minti goma. Ashe tana karɓar tsarin da mutum ya rubuta da kansa: kowane harafi a layinsa, a gefensa ka sa wanda zai fito in an danne shi, ka bar layi fayau tsakanin jeri da jeri. Ina kallo ya rubuta b ya sa ɓ a gefensa, d da ɗ, k da ƙ, y da ƴ. Ya miƙo min ya ce, "Baffa, rubuta sana'arka." Na danne d na rubuta riɗi, na danne b na rubuta zoɓo. Shekara da shekaru ina rubuta wa mutane "ridi" da "zobo" kamar baƙo. Nawa dai bai zo da ƙamus na Hausa ba, don haka makon farko ba ya taya ni ƙarasa kalma, sai a hankali ya riƙa koyon waɗanda nake yawan bugawa.

Sai babban kuskurena na biyu. Kalmomin sirrina duk ɗaya ne a da, sunan garinmu da shekarar haihuwata, tun daga imel har Facebook. Yaron ya riƙe baki da ya ji. Ya sa min KeePassDX, wadda ke ajiye dukkan kalmomin sirri a fayil ɗaya kulle a cikin wayarka, da babbar kalma ɗaya da ke buɗe shi. Ya ce in zaɓi jimla doguwa in rubuta a takarda in adana. Na ce ai ni da nake riƙe lissafin buhu ɗari a ka, jimla ɗaya ba za ta gagare ni ba. Muka sauya na imel da na Facebook zuwa dogayen haruffa da manhajar ta ƙirƙiro. Kullum da yatsa nake buɗewa, ban sake buga jimlar ba. Bayan ya koma makaranta da kamar mako uku, na sake rajistar yatsana a wayar saboda na yanke da wuƙar ɗinkin buhu, sai manhajar ta ce in kawo jimlar. Na san kalmomin, amma na manta ko da babban baƙi na fara, ko na bar fili a tsakani. Na kira shi na ce ya gaya min inda ake danna "na manta". Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baffa, babu. Ba kamfanin da ke riƙe da makullin, kai kaɗai ne." Dare biyu na yi ina gwadawa, na rubuta kowane salo a takarda ina sokewa. A na ashirin da wani abu ya buɗe. Na yi hamdala, a take na rubuta jimlar a takarda na sa a cikin akwatin da takardun gida suke, na kuma kwafe fayil ɗin a memori.

Ba komai ne ya sauyu ba, kuma ba na son in yi wa kowa ƙarya a nan. Manhajar banki tana nan daga Play Store, don ba ta da madadi, kuma ba a wasa da inda ake sauke ta. WhatsApp ma yana nan daram, duk masu sayen kayana a can suke. Na sa Signal, wanda buɗaɗɗe ne, har ma na ji cewa tsarin kulle saƙon da WhatsApp ke amfani da shi tun 2016 daga wurinsu aka ɗauko, amma mutum uku kacal na samu a ciki, biyu kuma ba sa dubawa. Don tura fayil muka sa LocalSend, wadda ke aiki ba data matuƙar wayoyin biyu suna kan Wi-Fi ɗaya, ko ɗaya ya kunna hosfot ɗaya ya hau. Da farko na ɗauka ba ta da amfani tunda ba wanda ke da ita a kasuwa, sai na gano tana iya ba da adireshi wanda ɗayan zai buga a burauzarsa ya sauke abin ba tare da ya sa manhajar ba. Direbobi dai har yanzu suna min tsiya wai wayata ta ƴan boko ce. Shirye-shiryen rediyon Hausa da nake saurare a hanya kuwa, AntennaPod ke sauke min su da dare in saurara a mota. Littafin bashi na gwada mayar da shi waya na ga wahala ce kawai, na koma wa littafina mai bangon kwali, don manomi ya fi yarda da abin da ya ga an rubuta a gabansa da biro.

In aka haɗa lissafi, abin da na kashe shi ne kuɗin memori, da datar dare ta ƴan kwanaki, da 3,000 ɗin filashin da bai kamata in biya ba. Manhajojin ko sisi. Lokaci ne ya fi tafiya, kusan wata biyu kafin komai ya zauna. Data yanzu tana kai ni inda take kai ni a da, har da ɗan saura, batir ma yana kai ni magariba. Da zan sake daga farko, ba zan sauya fiye da manhaja ɗaya ko biyu a mako ba, kuma ba zan goge tsohuwa ba sai sabuwar ta yi kwana bakwai tana aiki. Zan riƙa duba ranar da aka sabunta manhaja a F-Droid kafin in sauke, don akwai waɗanda masu su suka watsar shekaru da suka wuce, buɗaɗɗiya ba ita ce lafiyayya ba kai tsaye. Sabuntawa a can takan yi jinkirin kwanaki, tunda su da kansu suke gina manhajar daga rubutunta kafin su fitar, wannan ba lalacewa ba ce. Kuma a sani cewa yawancinsu da Turanci suke, ga shi ba ofishin da za ka je ka yi ƙorafi, don haka samun wani na kusa da ya ɗan san abin yana da amfani ƙwarai a makonnin farko. Yaron ya kuma gaya min cewa a watan Agustan 2025 Google ya sanar da shirin tilasta wa masu ƙera manhajoji yin rajista da shi ko da ba ta Play Store suke rabawa ba, inda ya ce za a fara da Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan a Satumban 2026, kuma mutanen F-Droid sun fito sun nuna adawa. Mai niyyar farawa ya riƙa bin labarin.

Taswira na bari ƙarshe don ita ce ta ƙarshe da na sa. Organic Maps sunanta, tana ɗauko bayananta daga OpenStreetMap, taswirar duniya da jama'a ke zanawa da hannunsu tun 2004. Kana sauke yankinka sau ɗaya, ni na sauke na arewacin Najeriya da na Nijar da datar dare, daga nan ko babu sabis ko ɗigo tana nuna maka inda kake, don tauraron ɗan'adam wayar ke saurare ba eriyar kamfani ba. Manyan hanyoyi duk suna ciki. A cikin Kano ba ta san cunkoso ba, kuma shaguna da yawa babu su. Amma a daji ta yi min rana. Akwai wata ƴar kasuwa da ke ci mako-mako a bayan Gumel, wadda sai ka sauka daga kwalta ka bi burji, kuma duk sabon direban da na tura sai ya ɓata. Hanyar tana cikin taswirar, kasuwar ce babu. Na sa alama a wurin ranar da na je, na riƙa nuna wa direbobi a wayata kafin su tashi.

Da na ba yaron labari a waya sai ya ce ai zan iya sa ta da kaina kowa ya gani. Ya bi da ni na buɗe asusun OpenStreetMap da imel ɗina, na ajiye kalmar sirrin inda ya kamata wannan karon. Ranar kasuwa ta gaba na tsaya daidai bakin rumfar masu awo, na danne wurin a taswira, na zaɓi ƙara wuri, na zaɓi kasuwa, na rubuta sunanta yadda mutanen garin ke faɗa, da ƙ ɗinta. Ba sabis a wurin, sai da muka hau kwalta abin ya tafi. Kwana biyu ina dubawa ban ga komai a wayar ƙanina ba, na ce shi ke nan an ƙi karɓa. Bayan kamar mako uku manhajar ta ce akwai sabuwar taswira. Na sa ƙanina ya sauke a tasa wayar, ya ja yatsa zuwa bayan Gumel, ya ƙara girman wurin. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya, wa ya rubuta wannan?"